Minti Biyar na Davou Dalyop

Davou Dalyop ya shekara goma sha ɗaya yana duba jiragen ruwan fasinja kafin a ɗauke shi daga bakin ruwa a ba shi ofis. Yanzu shi ne shugaban sashen dubawa a wata hukumar kula da lafiyar jiragen ruwa a Washington. A daftarin kasafin bana an soke guraben masu dubawa goma sha biyu daga sashensa, kuma kwamitin majalisa mai sa ido kan hukumar ya kira shi ranar Talata ya yi bayani.

Ƙa'ida ɗaya ce ta dame shi. Mai bayani minti biyar yake da su. Akwai fitila a gabansa: kore, rawaya, ja. In ta yi ja, an gama.

Ranar Asabar da hantsi, a kicin ɗin gidansu da ke Hyattsville, matarsa Martina ta ajiye agogon dafa ƙwai a kan tebur.

"To, Baban Abby, ni ce shugabar kwamiti. Fara."

Davou ya gyara tsayuwa. Ya gai da shugaba da mataimakinta, ya bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya da sunan jiharsu, ya gode musu da suka bar ayyukansu. Agogo ya yi ƙara bai ko ambaci jirgi ba.

"Jirage sun nitse," in ji Martina, "amma kowa ya sha gaisuwa."

"Haba, manya ne fa! In shiga in hau su da magana kamar ɗan sanda?"

"Nan ba Bukuru ba ne. Ce na gode, ka wuce."

Ya gwada sau huɗu. Duk sanda ya tsallake gaisuwa sai harshensa ya sarƙe, layi ya ɓace masa. Martina ta daina dariya, ta dube shi.

"Wai yaushe ake kunna fitilar nan?"

"In shugaba ta buga guduma."

"Kafin ta buga fa, akwai mai ƙirga maka?"

Ranar Talata ya hau jirgin ƙasa na Green Line tun ƙarfe bakwai. Awa ɗaya da rabi kafin zama yana tsaye a ƙofar zauren. Duk wanda ya iso sai ya tare shi, ya tambayi iyali da gajiyar hanya. Wani ɗan majalisa mai furfura ya ɗauka ma'aikacin ƙofa ne, ya miƙa masa lema. Davou ya karɓa, ya jingine ta, ya tambaye shi jikoki. Har Edna, matar da ke danna fitilar, ta ba shi labarin ciwon gwiwarta.

Guduma ta buga, fitila ta yi kore.

"Na riga na gaishe ku," in ji Davou. Aka yi dariya, ya zarce. Jirage ɗari shida da arba'in, masu dubawa arba'in da ɗaya. Rigar ceto ba a duba ta a takarda, sai an buɗe akwati an taɓa da hannu. Bara a wani jirgin yawon buɗe ido an buɗe akwatin riguna tamanin, talatin da ɗaya sun ruɓe. Ya zauna fitila tana rawaya.

Mai lemar nan ne ya fara tambaya, bai kuma sassauta ba. Me ya sa kashi ɗaya cikin huɗu na dubawar bara aka yi shi a makare?

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe, mun makara. In kuka bar ni da mutum ashirin da tara, baɗi rabin dubawar ne zai makara."

Shugabar ta rubuta wani abu, ba ta ɗago kai ba.

Bayan mako uku kwamitin ya mayar da gurabe tara cikin sha biyu, da sharaɗin Davou ya riƙa zuwa da rahoto duk wata uku. Ya karanta wa Martina takardar a kicin, tana shirin fita aiki asibiti.

"Ukun da suka rage fa?"

"Zan koma kansu."

"Wato sau huɗu a shekara za ka je gaisuwa," in ji ta. Ta ɗauki agogon ƙwai ta jefa masa a aljihun kwat.