Masu Haƙa Kabarin Suna Mosko

Cokalin kunu yana hannun Jildiz lokacin da wayarta ta yi ƙara. Ta saurara, ta ce kalma biyu da yarensu, sannan ta ƙarasa kai cokalin bakin Malam Maitama, ta goge masa haɓa.

'Yarsa Furera tana bakin ƙofa da makullin mota, ta riga ta makara zuwa asibitin da take aiki. Shekara uku ke nan wannan mata 'yar Kirgistan take jinyar tsohon a gidansu na garin Manassas, can ƙasar Turawa, tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Duk waɗanda aka kawo kafin ita da zagi ya kore su. Ita kaɗai ya yarda ta taɓa shi, don ya ji ta yi bisimilla kafin ta ba shi abinci. Sunanta ya gagare shi, ya mai da ita Jidda.

Da guntun Turancinta Jildiz ta ce mahaifinta ya rasu. Dagacin ƙauyensu ne ya kira, yana tambaya ko a jira ta. A can, in ji ta, tanti ake kafawa a tsakar gida, a ajiye mamaci har kwana uku, sai 'yarsa ta iso ta zauna kusa da shi ta yi masa kuka.

Furera ta yi salati, ta rungume ta. Amma a ƙarƙashin ta'aziyyar wani abu ne daban yake cin ta. Ta san matsalar takardun Jildiz: in ta fita ƙasar nan, ba dawowa. To wa zai ɗaga Baba, wa zai juya shi? Ta tuna gidan tsofaffin da ta taɓa leƙawa a Springfield, da yadda suke jere a gaban talabijin ba mai kallo.

Ta tambaya ko babu 'yan'uwa maza. Akwai, biyu, suna aikin gini a Mosko, kuma mai aikin ba ya sakin mutum a tsakiyar kwangila. Haka gundumar tasu take gaba ɗaya, ƙauyuka huɗu a gindin dutse. A ƙidayar hukuma dubbai ne, don har yau ana lissafawa da waɗanda suka tafi. A masallaci kuwa sahu ɗaya ba ya cika. Sai tsofaffi da jikokin da aka bar musu, cikinsu har da 'ya'yan Jildiz biyu. Ga shi ƙasa ta daskare kamar dutse, kuma duk mai ƙarfin riƙe diga yana Rasha.

"Ni kun mai da ni kujera ne?" in ji Malam Maitama, bakinsa a karkace. "Me ya sami Jidda?"

Furera ta gaya masa. Ya murza bargo da hannunsa mai lafiya.

"Kwana uku? Ai gawa ba ta jira." Ya numfasa. "Amma ce mata ta tafi. Uba ɗaya gare ta. Ni na ci nawa rabon, har na ci na wani."

Jildiz ta dubi Furera, tana jiran fassara. Furera ta juya makullin motar a hannunta. Ta buɗe baki, ta ce Baba yana yi mata gaisuwa, ya kuma ce a addini ba a jinkirta jana'iza.

A nan ta tsaya.

Jildiz ta daɗe tana kallon tsohon. Sannan ta gyaɗa kai, ta danna waya, ta yi magana a taƙaice. Ba sai an fassara wannan ba: ta ce kada a jira ta.

* * *

Furera ta yini tana duba marasa lafiya ba tare da ta ga fuskar ko ɗaya ba. Ta yi ta gaya wa kanta cewa ko da ta faɗa, matar ba za ta tafi ba, wa zai ciyar da yaran? Wataƙila haka ne. Sai dai ba ta bar ta ta zaɓa ba.

Da la'asar ta dawo, tana tunanin ko za ta tarar da akwatin Jildiz a falo. Babu akwati.

An jingina wayar Jildiz da kwalbar magani a kan teburin Baba, ana kiran bidiyo daga ƙauyensu. A cikinta dare ne. Tsofaffi uku cikin manyan riguna suna tsaye a maƙabarta, sun tara busasshen kashin dabbobi sun hura wuta a inda za a haƙa, don ƙasar ta saki kafin safiya. Ɗaya yana dogara da shebur kamar sanda.

"Dubi masu haƙan," in ji Malam Maitama. "Duk sa'o'ina ne." Bai ɗauke ido daga wutar ba. "Mu ma a garinmu ban san wa ya rage ba. Furera, kin gaya mata abin da na ce?"

"Na gaya mata, Baba."

"To, Allah ya yi mata albarka. Ta fi ni taurin kai."

Jildiz tana durƙushe a gabansa, ta juya wa wayar baya. Ta ɗora ƙafarsa da ta mutu a cinyarta, tana murza ta da mai a hankali don ta yi ɗumi.