Koren Ɗigon Mujtaba

"Inna, ba dambe za ki yi da shi ba. Ɗan motsa shi kawai."

Inna Sugra, tsohuwa maƙwabciyarsu, ta saki linzamin kwamfutar, ta harari Mujtaba da ke kwance a doguwar kujera, kumburarrun ƙafafunsa a kan matashi.

"Kai ka ce kar in bar shi ya huta. Ni da ko wayar shafawa ban iya ba, da tsufana ka mayar da ni ma'aikaciyar kamfani."

"Ai kin ma fi ni zuwa aiki," ya ce, ya yi dariya har ta koma tari.

Aikin nata guda ne. A gefen hotonsa da ke jikin kwamfutar akwai wani ɗan ɗigo. Muddin linzami na motsi, ɗigon kore ne, ogansa can a ofis ya san Mujtaba na bakin aiki. Aka ƙyale shi na ɗan lokaci, sai ya koma rawaya, asiri ya tonu. Da safe Mujtaba kan iya taɓuka abin kirki. Azahar na yi jiki ya ƙi, matarsa Tasnim kuma tana makarantar da take koyarwa, ga tsohon ciki. Sai Sugra ta tsallako daga ƙofarta mai kallon tasu, a hawa na uku na tsohon benensu da ke unguwar Tolichowki, ta zauna, carbi a hagu, linzami a dama.

Ita fa tun farko ta gaya masa. Shekarun baya kamfanin ya yi masa tayin aikin dindindin, ya ƙi, ya ma sayo dafa-dukar biryani ya raba wa duk benen don murnar sabon kwantiragi.

"Inna, ɗan kwantiragi ninkin albashin na dindindin yake ɗauka. Duk sabuntawa kuma ƙari. Inshorar me? Ni ko ciwon kai ba na yi."

"Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne," ta ce masa, tana cin biryanin.

Kuma a gaskiya ya samu. Babur ya zama mota, ya aurar da ƙannensa mata biyu ba tare da ya roƙi kowa ba. Sai ƙoda ta taɓu. Ɗan kwantiragi ba shi da hutun jinya. Ranar da bai yi aiki ba, babu ko sisi. Wankin ƙoda ya cinye motar. Shi da ya yi fatali da aikin dindindin, ya dawo yana roƙonsa a rabin albashi, ba don kansa ba. Na dindindin in ya rasu, kamfani na ba iyalinsa abin da za su riƙe kansu. Ɗan kwantiragi kuwa, mutum ake turowa ya karɓi kwamfutarsu. Oga ya yi alkawarin mayar da shi na dindindin ranar Litinin, in dai ba a ga fashi ba. Bai san da ciwon ba.

Ranar Juma'a ce. Tasnim ta dawo da wuri, tana kicin tana dafa masa shinkafa da wake mai ruwa-ruwa, babu gishiri.

"Inna, kore ne?"

"Kore shar."

"Asabar da Lahadi ba a duba shi. Yau kaɗai ta rage mana." Ya lumshe ido. "Ran Litinin sai na sayo miki shayi mai madara na bakin titi, kofi biyu."

"Shayi? Duk wannan wahalar? Kai dai rowa ta yi maka yawa tun da ka talauce."

Bai rama ba. Mujtaba kuwa ba ya barin bashin zolaya. Ta juya, ta ga hannunsa ya sauko ƙasa. Ta kira sunansa sau biyu, sannan ta yi salati da ƙarfi, cokali ya faɗi a kicin.

Kafin la'asar ɗakin ya cika. Maza suka shige da shi ciki don wanka, mata suka kewaye Tasnim. Sugra ba ta san lokacin da ta koma kujerarta ba. Hannunta dai na kan linzami, hawaye na zuba, tausayin yarinyar nan da abin da ke cikinta ya cika mata zuciya. Da Tasnim ta zo wucewa, sai ta riƙo mayafinta.

"'Yata, 'yan kamfanin ba su sani ba fa," ta ce ƙasa-ƙasa. "Kin ga, kore ne. In muka yi shiru zuwa Litinin..."

Tasnim ta daɗe tana kallon hoton mijinta, yana murmushi cikin farar riga, kumatu cike.

"Litinin shi da kansa zai je ya sa hannu, Inna. Wa zai je?"

Ta ɗora tafinta a kan hannun tsohuwar, ta ɗaga shi a hankali.

"Bar shi ya huta."

Matakalar benen ƙunci gare ta, sai da mazan suka yi ta dabara da makarar a kowace kwana. Sugra na jin muryoyinsu suna sauka, hannayenta biyu a cinya. Ɗigon ya ci gaba da zama kore har suka kai ƙasa. Suna fita titi, ya koma rawaya.