Girgizar Ƙasa a Falon Likita

Shekara ashirin da biyu ina durƙuso ina shimfiɗa wa mutane tayil, gwiwoyina har sun yi kanta, amma ban taɓa zaton sana'ar nan za ta shiga aji ba.

Auta ce ta dawo mana da maki talatin da ɗaya a jarrabawar gwaji ta labarin ƙasa. Malamarsu ta aiko da takarda cewa in ta sake faɗuwa a ta ƙarshen zango, za ta maimaita aji, ƙawayenta su wuce su bar ta. Saura sati biyu. Daga ranar yarinyar nan ta mayar mana da tsakar gida gidan rediyo. Tun da safe tana kai-komo tsakanin famfo da igiyar shanya, ido a rufe, tana rerawa: "Ɓawon duniya faranti-faranti ne, suna motsi, in sun haɗu sai a yi girgizar ƙasa."

"To me ya sa in sun haɗu ake girgizar?" na tambaye ta ina ɗaura takalmi.

Ta buɗe ido. "Baba, haka dai aka rubuta."

Uwarta ta leƙo daga kicin. "Kai da ka ajiye boko a aji huɗu, don Allah ƙyale yarinya ta yi haddarta." Maganar ta yi min zafi, saboda gaskiya ce.

Ranar Asabar wani likita ya kira ni gyara a gidan da ya saya bara. Na ce Auta ta bi ni ko kanta ya sha iska, ta biyo ni da littafinta na labarin ƙasa a hammata. Muna shiga falon muka ga tayil ya tashi layi guda, daga ƙofa har taga, biyu-biyu sun jingina da juna. Matar likitan ta ce jiya da rana tsaka suka ji ƙara kamar an harba bindiga, har kofuna suka kaɗa a kan tebur.

Auta ta tsuguna. "Baba, me ya ɗaga shi, ba wanda ya taɓa?"

"Zafi ne. Tayil in ya sha rana yana buɗewa kaɗan-kaɗan, ido ba ya gani. Shi ya sa muke barin tazara a tsakaninsu da jikin bango. Wanda ya yi aikin nan bai bari ba. Shekara da shekaru wannan na tura wancan, ba mai ba da hanya, har ranar da abin ya fi ƙarfinsu."

Ta ƙara leƙawa. "Ga wani ma ya kutsa ƙarƙashin ɗan'uwansa." Sai ta fizgo littafin, ta dubi zanen da ke ciki, ta dubi ƙasa, ta sake duban zanen. "Baba, shi ne wallahi! Ƙarfin taruwa yake yi, sai ya saki lokaci ɗaya. Wannan da ya ɗago kuma shi ne tsauni!" Ta ɗago kai. "Amma wane sakarai ne ya shimfiɗa shi haka?"

Matar likita na tsaye a kanmu. Na so in ɗora wa yaran zamani laifin, ba wanda zai ƙaryata ni. Sai dai tun daga bakin ƙofa na gane yankan kusurwar nan, hannuna ne.

"Ubanki ne," na ce. "Shekara goma sha biyar ke nan, lokacin ina ganin barin tazara ƙazantar aiki ce."

Auta ta yi dariya har da riƙe ciki, matar likita ta taya ta. Na haɗiye kunyata na ɗauko guduma.

Da muka fito ta ce saura darasin yadda ruwa ke cinye gaɓar teku, ga shi daga ni har ita ba wanda ya taɓa ganin teku. Na sa shebur na yanke tulin yashi mai laima ya tsaya kamar bango, na ce ta riƙa watsa masa ruwa a gindi. Bokiti na uku ya rarake ƙasan, na biyar saman ya rufto. Ita ce ta yi ta yi min bayani har muka iso gida.

A jarrabawar ƙarshen zango saba'in da takwas ta ci, ta wuce aji. Ta shigo da gudu ta miƙa min takardar. A gefen amsarta ta zana tayil biyu sun jingina da juna, malamar ta rubuta da jan biro: "A ina kika ga wannan?" A ƙasa kuma Auta ta ba ta amsa da fensir.

"Kawo in karanta maka," in ji uwarta.

Na hana ta. Na bi haruffan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya: "A wurin aikin babana." Sau uku na karanta. Na dubi uwarta na ce, "Wannan kam aji huɗu ya ishe ni."