Baƙo Ba Ya Wanke Kabari

Tun ranar da Arnel Magbanua ya sa ƙafa a gidan surukinsa Milutin, a wani ƙauye na gabashin Sabiya, ba a taɓa barinsa ya ɗauke ko cokalin da ya ci abinci da shi ba. A jirgin ruwa ya haɗu da Slavica, 'yar gidan, shi yana aikin kicin, ita tana gyaran ɗakuna. Da suka yi aure suka gaji da teku, ta ce su koma ƙauyensu. Ya zo da akwati ɗaya da hannuwa biyu da suka saba wahala tun yana yaro a Iloilo, can Filifin. Akwatin an karɓa, hannuwan kuwa aka ce ya ajiye su a cinya.

"Baƙo ba ya aiki," in ji Milutin. "Zauna, baƙonmu."

Ya zauna. Rani ya wuce yana zaune, aka yi girbi yana zaune. In ya ɗauki gatari, surukarsa Radojka za ta fito da gudu ta ƙwace kamar ta ga yaro da wuƙa. Da ta ji labarin mutanen ƙasarsu ba sa rabuwa da shinkafa, sai ta shiga dafa masa ita kullum da madara da sukari, irin wadda ake ba marasa lafiya, ta tsaya a kansa har ya cinye. Wata safiya ya saci jiki ya share tsakar gida tas. Milutin ya fito, ya dubi wurin, ya dubi katangar maƙwabta, sannan ya ɗauki kwandon ganyen ya watsa shi inda yake tun farko, don kada a ce gidan Milutin ana sa baƙo shara.

Abin yana cin Arnel a rai ƙwarai. A gidan kowa yana shan faɗa. Milutin ya yi wa matarsa, ta rama, su haɗu su yi wa Slavica, abin da ya rage a juye wa kare. Shi kaɗai ake yi wa magana a hankali, da murmushi. Har ta kai in an daka wa karen tsawa, sai ya ji yana ƙyashi.

"Yaushe zan daina zama baƙo?" ya tambayi matarsa.

"Haƙuri za ka yi, haka suke. Mijin gwaggona ma baƙo ne har ya mutu."

"Shekara nawa ya yi a gidan?"

"Ni dai na tashi na gan shi a kan kujerar nan da kake zama."

Wata Talata Milutin ya ce ya sa farar riga, za su gari a ɗauke shi hoto. Arnel ya ɗauka na takardun zama ne. Mai hoton ya ce kada ya yi dariya, wannan hoton zai daɗe. Amma mutumin Iloilo bai san yadda ake kallon kyamara da rufaffen baki ba. Aka yi, aka sake, aka kuma sakewa, kowanne haƙora waje. Mai hoton ya gaji ya ce a tafi da shi haka, wanda ya biya shi zai kalla.

Ranar Asabar ɗin da mutanen ƙauyen ke kai wa matattu abinci a maƙabarta ta zo. Wannan kam Arnel ya yi murna da ita, domin su ma a garinsu ana wuni a maƙabarta da tukwane da yara da hira. Suka ɗauki gasasshen nama da burodi da kabeji naɗe da nama da barasar gida, ko kuma a ce suka ɗauka, shi ya bi su hannu rabbana.

Wurin kwanciyar dangin Milutin ya fi na kowa a layin. Akwai rufin kwano, akwai teburi da benci, har da wata kujera mai laushi da aka ɗauko daga gida saboda baƙo. A tsakiya an kafa wani sabon dutse baƙi, an lulluɓe shi da zanen gado. Milutin ya jira maƙwabta suka matso, ya gyara murya, ya yaye zanen.

Fuska huɗu ce a jikin dutsen. Ga Milutin ya haɗe rai, ga Radojka ta haɗe rai, ga Slavica kamar an ƙwace mata wani abu. A gefe kuma ga Arnel, baki har kunne. An sassaƙa sunansa da ruwan zinariya, da shekarar haihuwarsa, da ɗan gajeren layi, sai fili.

Arnel ya ja da baya. Uwarsa, ko kwanciya ka yi sambal ka haɗa hannu a ƙirji, sai ta make ka ta ce ka daina kiran abin da bai kira ka ba. Yau ga shi tsaye yana kallon kabarinsa, kabarin kuma yana yi masa dariya.

Wata tsohuwa ta sa tabarau ta leƙa hoton, ta juyo ta dube shi. "Ya yi kyau," ta ce. "Kamar yana da rai."

"Baba," in ji Arnel, "ai ban mutu ba."

"Mu ɗin mun mutu ne?" in ji Milutin. "Ka ga an rubuta rana? An bar maka fili, sai ka shirya. Mutumin kirki ba ya barin wa 'ya'yansa wahalar neman dutse. Duba nan, na sa ka ta gefen bango, iska ba za ta buge ka ba. Kusa da ni za ka kwanta. Ita na tura ta can ƙarshe saboda minshari."

"Wa ke minshari?" in ji Radojka. "Kai da karen maƙwabta ke amsa maka?"

Arnel ya dubi matarsa. Slavica ta kawar da kai tana yanka burodi. Ita tun tana makaranta aka taɓa sa hotonta a tsohon dutsen da aka cire, ta ma fi son wancan, ta fi ƙuruciya a ciki.

"Baba, ka yi haƙuri," ya ce. "Mahaifina yana kwance a Iloilo, kusa da teku. Akwai wuri a gefensa. Na ce wa mahaifiyata zan dawo."

Milutin ya daɗe yana kallon dutsen, yana shafa gefensa da babban yatsa. Da ya buɗe baki, sai ga muryar nan mai laushi ta dawo, da murmushinta.

"Gaskiyarka. Baƙo gida ake mayar da shi, ba a riƙe shi. Gobe zan kira mai sassaƙa ya kankare. Ba komai. Zauna, baƙonmu. Radojka, zuba masa."

Arnel ya zauna a kujera mai laushi. Aka ɗora masa faranti a cinya. Bai taɓa naman ba. Ya ga kansa nan da shekaru, kai ya yi furfura, yana kan kujerar nan, jikoki suna wucewa suna gaishe shi a hankali kamar ɗan haya. Ya tuna uwarsa, da wurin nan na gefen mahaifinsa da take cire wa ciyawa duk shekara. Duk inda ya juya akwai wanda zai ɓata wa rai, kuma ya san haka.

Ana cikin haka wata tsuntsuwa da ta yi sheƙa a rufin kwanon ta saki kashi. Duk faɗin dutsen ba ta sami wuri ba sai goshin hoton Arnel. Abin ya gangaro fari fat har kan haƙora.

Radojka ta yi salati irin nasu ta nufi bokiti. Arnel ya ajiye faranti, ya riga ta. Ya tsoma tsumma a ruwa, ya durƙusa gaban dutsen. Tsoron bai tafi ko'ina ba. A ransa ya ce wa uwarsa ta yafe masa, sannan ya ɗora tsumman a fuskarsa ta dutse.

"Ajiye, ajiye," in ji Radojka tana jan gwiwar hannunsa. "Baƙo ba ya wanke kabari."

"Na sani, Mama," ya ce. Bai ajiye ba.

Ta juya wurin mijinta don ya sa baki. Milutin ya ɗaga mata hannu. Ya taso, ya tsaya a bayan Arnel, ya goya hannuwa, yana kallo. Maƙwabta ma suka daina tauna. Arnel ya goge goshin, ya goge kumatu, ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Ya matsa zai wanke fuskar Milutin da ke kusa.

"Kai, haka aka koya muku wanki a jirgin?" in ji Milutin, da muryar da yake yi wa kare magana. "Matse tsumman mana, sakarai, kana jiƙa mini suna. Kuma makaho ne kai? Ga saura can a bayan kunnenka. Mutum ya kasa wanke fuskarsa, ina zai iya faskare? Yi sauri, akwai kwanuka, kuma kai za ka ɗauki kujerar nan zuwa gida."

Arnel ya matse tsumman. Hawaye ya cika masa ido har ba ya ganin dutsen sosai, amma bakinsa ya ƙi rufuwa. Tsohuwar mai tabarau ta dube shi, ta dubi hoton, ta gyaɗa kai.

"Yanzu ma suka fi kama," ta ce.