Kiwon Baba Injiniya

"Auta! Ke Auta! Kar ki zubar!"

Ban san lokacin da na bar keken ɗinki ba. Da tef ɗin awo a wuya, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, na faɗa gidan maƙwabcinmu Baba Injiniya. Na tarar ta riga ta jawo shuɗin duron nan har bakin kwata ta karkata shi, ga robar bilic da tsintsiya a gefe suna jira.

"Yaya, lafiya? Wallahi kin ba ni tsoro."

"Miƙar da shi tukuna, sai mu yi maganar lafiya."

Ta miƙar da shi tana kallona kamar na zautu. Ban ga laifinta ba. Ita ce autar Baba, aure ya kai ta nesa, sai shekaranjiya ta iso da aka kira ta. Jiya kuma asibiti suka sallamo shi, irin sallamar nan da likita zai ja ka gefe ya ce duk abin da yake so a ba shi.

"Ƙazanta ce fa, Yaya. Ga mara lafiya a ɗaki, ga laka tana tafasa a tsakar gida. Har wannan ɗan injin mai gurnani na cire wa waya."

"Tun yaushe?"

"Tun da safe."

Na mayar da wayar cikin soket, ɗan injin ya ɗauka, na tsaya a kan duron har sai da na ga iska ta fara tasowa ɓul-ɓul daga ƙasa. Sannan na nemi ɗayan takalmina.

Baba shi ya zana matatar da ke ƙarshen layinmu, inda duk ruwan kwata da na bayan gida na unguwa ke taruwa a tace shi kafin a sake shi cikin rafin da ya bi ta bayan gidajenmu. Kafin a gina ta, kowa a layin nan da ƙusa ya buge tagarsa ta baya. Da ya yi ritaya bai ɗauko kujera ko agogon bango daga ofis ba, laka ya ɗebo daga tankin matatar ya zuba a duro, ya saka mata ɗan injin iska irin na masu kiwon kifi. Ya ce akwai ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani, su ne ke cinye dattin ruwa, injuna duk 'yan rakiya ne. Idan na tsokane shi sai ya ce, "'Yata, wasu tattabaru suke kiwo, wasu zomaye. Nawa ba sa shiga gonar kowa." Ranar da za a kwantar da shi asibiti, ni ya bar wa amanarsu: ruwan wankin shinkafa safe da yamma, kada sabulu ya taɓa su, kada iska ta tsaya.

Muna tsaye muka ji muryarsa daga ɗaki, siririya. Muka shiga. Yana kwance a gadon ƙarfensa kusa da taga, ya rame har zobensa ya koma babban yatsa. Bai tambayi duro ba. Hancinsa ya ɗaga wajen taga.

"Wannan warin ba na gidana ba ne. Daga rafi yake. 'Yata, ina mijinki?"

Abin da muke ta ɓoye masa ke nan.

Baban yara makaniki ne a matatar. Ya kama aiki bayan Baba ya bari, kuma injin duk da ya yi tari, da kunne yake gane ciwonsa. Kwanakin baya babban injin iska ya lalace, aka zuƙe tanki don a gyara. Da ya ga lakar da ta taru a ƙasa, sai ya tara abokan aikinsa ya ce tunda an samu dama a wanke ta tas. Suka kankare, suka zuba bilic, suka dirje har siminti yana ƙyalli. Ranar da fara'a ya dawo gida, har yana cewa in zo in ga tanki kamar faranti. Garin neman gira aka rasa ido. Tun daga nan ruwa yake shiga baƙi ya fita baƙi, unguwa ta koma rufe taga, shugabansa kuma ya ce masa idan masu dubawa suka zo ƙarshen wata suka tarar da shi haka, ya ajiye makulli ya kama gabansa. Mutum mai 'ya'ya a makaranta, ga shekaru sun fara ja, ina zai nufa?

Da ya taso aiki na turo shi. Ya tsuguna a gefen gado ya cire hula yana murza ta, ya faɗi komai bai rage ba. Na ɗauka Baba zai yi faɗa. Dariya ya yi, har tari ya sarƙe shi, Auta ta tallafo kansa.

"Ɗana, ka kori ma'aikata duka, ka share ofis, sannan kana mamakin aiki ya tsaya."

"Wallahi Baba gyara na yi niyya."

"Na sani. Mai tsafta ne kawai zai yi wannan ɓarnar." Ya huta, ya dubi Auta. "Na ji ke ma kin kusa yin irinta. To, ga iri nan a tsakar gida, 'yan'uwan waɗanda ka kashe ne. Amma sun yi rama. A ƙara musu abinci kaɗan-kaɗan har su yi kauri, sannan ka ɗauka."

Haka muka shiga kiwo gadan-gadan. Na bi gidajen layi ina roƙon ruwan wankin shinkafa, mata suna dariya suna cewa tela ta koma renon taɓo. Na ce su yi dariyarsu, hancin da ke shan warin nan ba nawa ne ni kaɗai ba. Kafin yamma bokitai sun yi layi a ƙofar Baba.

Rana ta uku ko ta huɗu, da tsakar rana, aka ɗauke wuta. Ɗan injin ya yi tsit. Baba ya aiko Auta ta kira ni, ya ce mu riƙa ɗiba da kwano muna kwararowa daga sama, yadda ake fifita shayi, kada mu tsaya. Muka yi ta yi, rana tana dukan ƙeya, laka tana fallatsa mana a zane. Can Auta ta yar da kwanon.

"Yaya, mahaifina yana ciki yana mutuwa, ni ina nan ina yi wa ƙazanta fifita. Wannan wane irin abu ne?"

Hawaye suka zubo mata. Ni ma nawa suna kusa, don na san saboda mijina take tsaye a ranar nan. Na ce ta shiga ta zauna da shi, ni zan iya. Ta shiga. Ba a jima ba ta fito tana share fuska da gefen mayafi, ta ɗauki kwanonta.

"Ya kore ni. Wai shi ya sha iskarsa ta duniya ya ƙoshi, su ne ba su ƙoshi ba."

Muka yi dariya muna kuka, muka ci gaba har wuta ta dawo. Washegari ko almakashi ban iya ɗagawa ba.

Da lakar ta yi kauri, ta koma tana ƙamshin ƙasar da ruwan sama ya taɓa, baban yara ya zo da abokan aikinsa suka ɗora duron a baro. Baba ya sa aka ɗaga masa labule ya ga fitarsa. Ya ce a zuba a ƙaramin ɗakin tanki na farko, a buɗe bawul kaɗan, ruwa ya riƙa shiga kamar ana tsiyaya daga buta, lakar da ta kwanta a ƙarshe kuma a riƙa mayar da ita baya.

Daga nan kullum idan ya taso, kafin ya shigo gidansa ma, sai ya tsuguna a gefen gadon nan. Tambayar Baba ɗaya ce.

"Wane launi?"

"Baƙi-baƙi ne, Baba."

"Kumfa fa?"

"Fari, ya yi tsiri."

"Yara ne tukuna. Bar su."

Wata ya raba, har ya gota rabi, ruwa bai canza wani abin kirki ba. Baban yara ya daina cin abinci sosai. Wata rana ya shigo ido ja, ya ce shugabansa ya matsa, ya ce wannan tsiyayar wasan yara ce, a buɗe bawul gaba ɗaya a cika tanki, ko ba komai masu dubawa su ga ana aiki. Shi ma kansa ya fara ganin hakan ne mafita. A lokacin Baba magana tana yi masa wuya, sai an sa kunne. Ya yafito shi da yatsa.

"Ɗana, abin da ke cikin tankin nan ba iri ɗaya ba ne, gari ne guda. Akwai masu haɗama, da sun ga abinci sun hayayyafa. Akwai masu sanyin jiki, sai sun daɗe kafin ɗaya ya zama biyu, kuma su ne ke cire zarnin fitsari. Idan ruwa yana wucewa da sauri fiye da yadda suke haihuwa, kwashe su zai yi, masu sanyin jikin ne farkon tafiya. Ka wayi gari tanki cike, babu kowa a ciki. Ni kuma ba ni da wani duron."

"Baba, idan na ƙi, ni za a kora."

"Idan ka buɗe ma kai za a kora, sai dai ka tafi da su. Ka ce masa ya zo ya same ni. Idan ya makara, ba laifina ba ne."

Shugaban ya zo kuwa, washegari da hantsi, mutum mai kirki ashe, tsoro ne kawai ya cika shi, don shi ma akwai na sama da shi. Ya zauna a bakin gado, suka yi ƙus-ƙus, Baba yana zana masa wani abu da yatsa a kan bargo. Da zai fita ya ce wa baban yara, "A bar bawul yadda yake. A riƙa ƙarawa kaɗan duk bayan kwana biyu. Idan ta ɓaci, ta ɓace mana tare."

Ranar na koma shago na kifa kai a kan keke na yi kuka mai isata. Mutumin nan numfashinsa ƙirge yake, amma a kan abincin 'ya'yana yake kashe shi. Ban haɗa jini da shi ba, katanga kawai muka haɗa. Har gobe ban san da bakin da zan gode masa ba.

Bai ga ƙarshen wata ba. Wata safiya Auta tana ba shi ruwa da cokali, ni ina gyara masa matashi, ya buɗe ido ya tambaya ko ɗansa ya dawo. Muka ce yanzu ya fita. Ya ce to, ya juya fuska wajen taga. Auta ta sake miƙa cokali, ruwan ya gangaro ta gefen bakinsa. Ta dube ni, na dube ta. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Layinmu ya cika har mota ba ta wucewa. Tsofaffin ma'aikatan matata suka zo, wasu da sanda. Baban yara yana cikin masu ɗaukarsa, kuma da aka dawo daga maƙabarta bai zauna ba, ya saɓa rigar aiki ya tafi, don ranar ce ranar ƙara bawul. Wasu suka yi ta gunaguni wai bai san kara ba. Auta ce ta ce a ƙyale shi.

Masu dubawa suka zo ana saura kwana ɗaya Auta ta koma gidanta. Tun safe na kasa ɗinki, na farke hannun riga ɗaya sau ba adadi. Da yamma ina taya ta ninke kayan Baba a ɗakinsa muka ji sallama. Baban yara ne, da makullai rataye a ƙugu, da wata kwalba mai faɗin baki a hannu cike da ruwan laka. Bai dube mu ba. Ya wuce gefen gadon da aka riga aka naɗe katifarsa, ya cire hula ya tsuguna.

"Ruwan ƙasa ne, Baba," ya ce. "Kumfa ya kwanta. Sun ce in ci gaba da riƙe makulli."

Ya miƙe ya girgiza kwalbar ya ajiye ta a bakin taga. Auta ta tambaye shi ta mece ce. Ya ce da ita ake gane masu rai, ta dai zuba ido.

Muka zauna mu uku a bakin gado. Lakar ta fara haɗuwa ƙulli-ƙulli tana sauka a hankali, ruwa yana washewa daga sama, har ƙarfen tagar ya fara bayyana ta cikin kwalbar.