Gurup ɗin Gaffati

A Birnin Zinder ba wanda bai san kunnen Malam Ari ba. Tun yana saurayi, in aka tayar da inji, sai ya karkata kai ya faɗi ciwonsa. To, amma kunne ma tsufa yake yi, Malam Ari kuwa gara ya haɗiye garwashi da ya amsa cewa nasa ya fara tafiya.

Injina biyu sun ƙone bayan sun fito daga hannunsa. Da Alhaji Lawali mai lambu a Gaffati ya kawo gurup ɗinsa, wato injin da ke ja masa ruwa, bai yi kwana-kwana ba. Ya ce in wannan ma ya ƙone, shi da garejin Malam Ari sai a lahira.

'Yar Malam Ari, Lubabatu, wadda ke karatun injiniya, ta tarar da shi yana ƙara wa gurup ɗin wuta har kwanon rufi na rawa. Ta ajiye wayarta a kan benci, nesa da injin.

"Baba, ku dubi nan."

Lambobi ne ke tsalle a fuskar wayar.

"Ba ki taɓa shi ba," in ji Malam Ari. "Ina wayar ta san abin da ke cikinsa?"

Ta matso kusa da kunnensa. Ta ce duk juyin da injin ya yi, sai ya bugi iska, ya kuma girgiza ƙasa har zuwa bencin nan. Bugun ne wayar ke ƙirgawa. Dubu uku ya kamata ya yi a minti, ga shi ya haura nesa.

Malam Ari ya daɗe yana kallo. Abin da ya yi rayuwarsa yana kamawa da kunne, ashe yana da adadi, yana yawo a iska. 

"Ikon Allah," ya ce a hankali.

Ya kama sukurun da ke daidaita gudun injin ya fara ragewa, idonsa a kan wayar. Lambar na sauka, ƙarar na yi masa nisa. Sai a nan ya gane abin da ya kashe injinan nan biyu: ƙara musu wuta yake yi har sai ya ji su.

"Ya isa, Baba. Daidai yake."

Ya karkata kai yadda ya saba. Ga gurup na aiki, ruwan cikin buta na rawa a gefensa, shi kuwa ba ya jin komai.

"Daidai?"

"Daidai, Baba."

Ya share hannunsa da tsumma, ya ce, "Gobe ki bar mini wayar nan."