Rufin da Aka Zuba Cikin Ruwa

Ruwan ya sauko ne bayan sun ci rabin zuba kankaren rufin. Magini yana tsaye a sama da cokalinsa a hannu, yana kallon yadda ɗigon farko ke huda fuskar kankaren. Kafin leburori su jawo tamfol, wani ruwa mai launin toka ya fara tsiyaya ta tsakanin katakai. Ya san abin da ke zubewa. Siminti ne, ƙarfin ginin ne yake bin rariya.

Ya ce a dakata. Mai ginin, da ke fake a bakin ƙofa da takardar jadawalinsa cikin leda, ya ce ba a dakatawa. Damina ta riga ta cinye masa kwana goma sha shida, kowace rana ya zagaye ta da jan biro. A gidan haya an ba shi wa'adin ƙarshen wata, ga cikin matarsa ya tsufa.

"A ƙarasa kawai, malam. Ai dama ruwa ake ba siminti."

Magini ya buɗe baki, sai ya tuna yadda aiki ya yi wuya a daminar nan. Ya haɗiye maganarsa, ya ce a ci gaba da miƙo kwano.

* * *

A kwana na tara rana ta buɗe. Mai ginin ya zo da fara'arsa ya ce a cire sandunan da ke tokare da rufin, masu shafe su shiga tun sama ba ta sake haɗuwa ba. Magini ya ce ko lafiyayyen kankare sai ya yi kwana ashirin da ɗaya. Mutumin ya karkaɗa masa takarda a fuska, ya ce shi ba shi da kwana ashirin da ɗaya. Magini ya tattara kayan aikinsa ya tafi gida.

Da yamma sai ga Auta, ƙanensa, kafintan da ya kafa sandunan. Ya shigo da fensir a bayan kunne, ya tsokani matar yayansa cewa tana ciyar da mijinta har tsoron aiki ya kama shi. Ta ce ya bari ya yi aure tukun a ga nasa ƙarfin. Bayan dariya ta lafa, ya faɗi abin da ya kawo shi: mai ginin ya kira shi, gobe da safe zai cire sandunan.

"Kwanakin ba su cika ba," in ji Magini.

"Haba Yaya, sau nawa na cire a kwana tara? Kuma wannan zubinka ne. Ko giwa ta hau ba abin da zai yi."

Auta ba ya wurin ranar da aka yi zubin, shi aikinsa ya ƙare tun kafin nan. Magini ya dube shi. Shi ya riƙe yaron nan tun rasuwar mahaifinsu, shi ya fara ɗora masa guduma a hannu, shi yake ce masa kullum hannunsa bai taɓa yin aikin ha'inci ba. Ya so ya gaya masa ruwa ya wanke simintin ranar zubin. Amma matarsa na zaune, Auta na kallonsa da irin kallon nan na tun yana ƙarami. Sai kawai ya maimaita cewa kwanakin ba su cika ba, ya haƙura.

Auta ya miƙe yana dariya, ya ce tsufa ne, zai wuce.

* * *

Da gari ya waye Magini ya kasa karyawa. Ya zura takalmi ya fita, yana shirya kalmomin a ransa. Zai ja Auta gefe ya gaya masa komai, in ya so ya raina shi.

Yana shan kwanar layin ya ji ƙarar. Ba ta daɗe ba, kamar an juye motar tsakuwa. Ƙura ta tashi, wata mata ta fara salati.

Da hannu suka tono Auta daga ƙarƙashin rufin da ya rufta. Kankaren yana marmashewa a tafin Magini kamar busasshen burodi.

* * *

Bayan mako biyu, a hanyarsa ta zuwa asibiti, ya bi ta gaban wurin. An kawo sababbin ma'aikata. Suna zaro rodi daga ɓaraguzan, suna miƙar da shi da guduma don a sake amfani da shi. Wani da bai san shi ba ya tambaye shi ko yana neman aiki, wai maigidan sauri yake yi.

A ɗakin marasa lafiya ya tarar da Auta a farke, ya rame, idonsa a kan silin. Ya zauna a gefen gadon.

"Yaya, na yi ta tunani," in ji Auta a hankali. "Ina ga ni na yi kuskure. Da gefe ya kamata in fara, sai na fara da tsakiya. Ka yafe mini, na ɓata maka aiki."

Magini ya tashi. Ya kama bakin bargon da ya zame, ya ja shi a hankali ya rufe inda ƙafar dama da aka yanke ta ƙare, ya daɗe yana gyara shi.